Labulen da Na Ɗaga wa Gwaggo

Da muka dawo daga ƙasar waje, ƙodata ɗaya a cikin Yaya, sai na zama mai gadin ƙofarsa a Aliero. Likita ya ce magungunan da ke hana jikinsa ƙin ƙodar su ne kuma suka kwantar da garkuwar jikin. Ƙarambau da yara ke yi su miƙe, shi yana iya kai shi kabari. Wata uku ba musabaha, ba taron 'yan dubiya.

Ni kuwa na iya kora. Mahautan Jega, direbobi, surukansa na Andarai, duk ta taga suka gaishe shi. Aka ce na ba da ƙoda na karɓo girman kai. Ko a jikina.

Kwanakin nan kamar a mafarki nake ganinsu. Kakar albasa ce, iskar la'asar na kawo warinta, ɗinkin cikina na ƙaiƙayi. Ina gyangyaɗi kan tabarma, Yaya yana ta bayan labule yana zancen fadamar da zai noma baɗi. Wani lokaci sai in ji kamar ni ne kwance a ciki, shi ke zaune a waje.

Sai ga Gwaggo a ƙafa daga Jiga Makera, ita da ta riƙe shi bayan rasuwar innarmu. Na ga tana sosa haƙarƙari.

"Gwaggo, lafiya?"

"Lahiya lau, ɗana."

A wurinmu mai zuwa dubiya ba ya faɗin nasa ciwon, abin kunya ne. Na san haka sarai, amma na ɗaga mata labule. Ta yi addu'a, ta shafe masa fuska da hannun nan. Daga baya na ji ashe ƙuraje masu ruwa ne suka ɗaure mata gefen jiki kamar igiya.

Bayan mako biyu zazzaɓi ya kama shi, ƙuraje har cikin baki. Muka kai shi asibiti a Sakkwato, likita ya ce ƙarambau ne, kuma ƙwayar cutar ɗaya ce da ta ƙurajen Gwaggo. Yaya bai dawo gida da rai ba. Na ji haushinta, amma haushin kaina ya fi.

Ranar sadakar uku ta kama hannuna tana hawaye.

"Allah shi yi maka albarka da kab bar ni nig gane shi da idona."

Na ce, "Amin, Gwaggo." Har ta bar duniya ban gaya mata ba.