Hajo da ba ta fashin salla

Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, ku zauna ku ji. Har yau ranar da aka kawo mana Hajo daga Azarori ba ta fita raina ba. Lokacin yaƙin Turawa na biyu ne, ina ungozoma a asibitin Madawa. Babbanmu likita ne ɗan Dahome, sai anfirmiye mai yin allura, sai ni a ƙasa. Namiji ba ya taɓa cikin matar aure sai ina tsaye, kuma ni ke juya wa likita maganar mata, don ba ya jin Hausa.

Surukarta Tamo ce ta taso ta gaba. An ɗauki mijin Hajo soja, damina biyu ke nan ba ya gida. Ga ciki ya tasa, ga fuska ta yi fari.

"Ku duba muna ita," in ji Tamo. "Tun kaka nika kallonta, ba ta yi hwashin salla ko sau guda ba. Mace da ƙuruciyatta! In ciki na, gobe mu tahi ga alkali, ta bar gidan ɗana, ta aje muna ɗiyarmu."

Kun san mace in tana jinin al'ada ba ta salla. To tsohuwar nan ba ta tambayi kowa komai ba, buta da tabarma kawai ta sa wa ido. Auren Hajo da ƴar ƙaramar ɗiyarta duk sun rataya a kan wannan.

Ni kuwa aikin nan ya riga ya koya mini rashin yarda. Na sha ganin mai rantsuwa da safe ta haihu da yamma. Na ja ta ɗaki, na ɗana mata tarko. A ƙasarmu an yarda ciki yana iya kwantawa ya daɗe kafin ya tashi, kuma duk mai ɓoyon laifi da gudu take kama wannan igiya.

"Ɗiyata, ki ce kwantacce na, na maigidanki. Kowa shi huta."

Ta dube ni ido cikin ido. "Inna, ba ni da ciki, kwantacce ko tsayayye. Wata dai na ɓata."

"To mi ya hana ki bar salla kwana kaɗan ki ruhe bakin tsohuwa?"

"In bar salla ina da tsarki? Don Tamo?"

Amsar ta yi daɗin ji, amma ban saki jiki ba. Gwanayen ƙarya ma haka suke amsawa.

A zamanin ba mu da gwajin fitsari irin naku. Hannu ne da kunne da haƙuri. Ƙa'idar likita ita ce ba a cewa akwai ko babu sai an bi komai da komai. Na duba nonuwa, ba su cika ba. Na danna mara, wayam, alhali cikin da ya kai watannin da ake faɗa da tuni ya haura cibiya. Likita ya kafa ɗan ƙahon itacen da muke sauraron bugun zuciyar jariri da shi, shiru. Kumburin daga hagu yake, ƙarƙashin haƙarƙari, da tauri kamar dutsen niƙa. Ya ja fatar idonta, fari fat.

"Saifa ce," in ji shi. "Zazzaɓi ya daɗe yana cin ta, jini ya ƙare. Tambaye ta abin da take ci."

Ashe shekarar an kwashi gero mai yawa zuwa rumbun kwamanda, Baturen mulki. Ɗan abin da ake auna mata, ɗiyarta take dama wa, ita ta kwana da ruwan kanzo. Jikin da bai ƙoshi ba yana iya riƙe al'ada.

Na gaya wa Tamo. Ta taɓe baki.

"Kun haɗa kai. Za ku ba ta magani shi zube, ku ce babu."

Raina ya ɓaci, don ba a taɓa jifana da wannan ba. Amma likita ya ce a kwantar da Hajo, tsohuwa ma ta zauna ta yi gadi. Haka aka yi. Tamo ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa. Duk maganin da na kawo sai ta ɗanɗana, har kinin, maganin zazzaɓin nan mai ɗaci, ta yamutsa fuska ta haɗiye. Ni har lokacin da sauran zargin Hajo a raina, Tamo tana zargina, Hajo kuwa tana cin tuwo da hanta abinta. Kowace Jumma'a nakan kama hannun tsohuwar in ɗora a mara, in ɗora a haƙarƙari. Ta haifi ƴaƴa da yawa, hannunta ya san ciki. Ta ji kumburi yana raguwa, amma bakinta ya ƙi faɗa.

An kusa wata biyu a haka. Wata rana da azahar mata suka fito tsakar gida da butoci. Sai ga Hajo ta ɗauko turmi, ta kifa shi a tsakiyar fili inda kowa zai gan ta, ta zauna a kai ta miƙe ƙafa.

"Ke, ba ki tashi?" in ji Tamo.

"Yau ba ni salla, Iya."

Tamo ta ja ta bayan danga ta gani da idonta. Jini ne na al'ada, babu naƙuda, babu abin da ya faɗo. Ta fito ba ta dubi kowa ba, ta yi sallarta. Da ta sallame ta kwance goro daga bakin zane, ta ɓara, ta miƙa wa Hajo rabin da ya fi girma. Sai a nan hawaye ya zo wa Hajo. Ni ma na juya baya, wai ina gyara ɗaurin kallabi.

Abin da na koya shi ne, ɓatan wata ba shi ne ciki ba. Yunwa na kawo shi, ciwo na kawo shi, tashin hankali ma haka. Ku yi zargi, aikinmu ne, amma kada kalmar ciki ta fita bakinku sai kun tabbatar. Da Hajo ta yi ƙarya ta bar salla, da babu wanda ya zarge ta. Gaskiyarta ce ta kusa raba ta da ɗiyarta.