Alwalar Alhaji Ɗanlami

Ban taɓa mantawa da Larabar da Alhaji Ɗanlami ya shigo mana yana tafiya kamar wanda ya ɓoye tulu a cikin babbar riga ba. Sati uku ke nan bayan Babbar Sallah. A lokacin ni ce babbar nas a sashen waɗanda ake dubawa su koma gida, a wani ƙaramin asibiti a Agege. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, mara lafiya zai yanki kati, ya zo wurina in auna jininsa da zafin jikinsa, in saurari kukansa in rubuta, sannan in shigar da shi wurin likita. Likitanmu Bayarabe ne, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba. Saboda haka duk Bahaushen da ya zo, ni ce kunnen likita, ni ce bakinsa.

Alhaji babban mahauci ne a mayanka, ya haura sittin. Wanda ya kawo shi a motar haya ta danfo, yana tallabe da shi, Malam Habu ne, abokin sana'arsa. Shekara talatin suna kan teburin nama ɗaya, kuma daga gidan Malam Habu ake kawo musu abincin rana kullum. Da ya zaunar da Alhaji sai ya fita ya zauna a kan bencin waje, don ya ba mu wuri.

Na ce, "Baba Alhaji, me ke damunka?"

Ya kalli silin, ya kalli ƙofa, ya ce, "Sista, ciki ne ya ɗan sake."

Gudawa ke nan, cikin ladabi. Ya ce wata biyu yana fama, ruwa-ruwa ke zubo masa ba tare da ya shirya ba. Ya sayi maganin tsayar da gudawa a kemis ya sha har kati huɗu, cikin sai ƙara tashi yake. Daga nan ya sassauta murya, ya nuna ƙofa da haɓa. "Sammu ne, 'yata. Na san hannun da ya ba ni. Jibi bayan Juma'a zan tara shugabannin mahauta, a ɗora masa Alƙur'ani ya rantse. Ke dai rubuta min takarda cewa asibiti ya duba bai gane ciwon ba."

Wato ba magani ya zo nema ba, shaida ya zo karɓa. Kuma wanda za a kunyata a gaban jama'a jibi shi ne wanda ke zaune a benci riƙe da takalman Alhaji. Raina ya ɓaci, amma na yi murmushi, domin dattijo ba a tunkararsa da gardama.

Ku sababbin shiga aikin jinya, ku lura da nan. Duk wanda ya wuce hamsin ya zo da sauyin bayan gida, akwai tambayoyin da ba a tsallakewa. Ko akwai jini? Ko ya rame? Ko yana amai? Ko iska na fita? Wane magani yake sha? Na jero su. Babu jini, babu rama, babu amai. Da na kai ga maganar iska, sai Alhaji ya tsuke fuska ya ce shi ba ya irin wannan. Na taɓa cikin, na ji shi tim, kuma ta gefen hagu akwai wani abu mai tauri a jere. Mai gudawa ta gaskiya ba haka cikinsa yake ba.

Na fita kamar zan ɗauko wani abu, na tsaya wurin Malam Habu. Ban faɗa masa komai ba, sirrin mara lafiya nasa ne. Na dai ce, "Malam, Alhaji yana shan ruwa a wurin aiki kuwa?"

Sai mutumin nan ya gyara zama, fuskarsa cike da alfahari. "Ruwa? Haba Sista, ba ki san Alhaji ba. Ai da alwalar Asuba yake sallar Isha'i. Tun daga Agege har Abule Egba an san shi da haka. Shayi kofi ɗaya da safe, shi ke nan. Ban ɗakin mayanka kuwa bai taɓa sanin ƙafarsa ba."

Na ce Allah ya ƙara wa Alhaji daraja, na koma ciki ina danne dariya. Mutum ya yini a tsaye cikin zafin Legas, ba ruwa, abincinsa tsire da balangu da burodi, ganye kuwa ya ce na awaki ne, kuma duk abin da ya ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki sai ya ce masa ya jira dare. Sallah ta zo ta ƙara masa nama a kan nama.

Na yi wa likita bayani. Ya ce sai ya duba ta dubura da yatsa, kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Da na fassara, Alhaji ya miƙe zai tafi. Da ƙyar muka daidaita: likita da shi a bayan labule, ni a waje na juya baya ina fassara da ƙarfi. Likita na yi masa sannu da Yarabanci, "Baba, epele, epele," Alhaji na salati, ni kuma ina kallon bango ina cije leɓe. Likita ya fito ya ce bayan gida ne ya daskare ya toshe hanya. Ruwan da ke zubowa ta gefensa yake silalowa, shi ne Alhaji ya ɗauka gudawa ce, maganin kemis kuma ya ƙara ɗaure hanjin. Ya tura shi Iyana Ipaja a ɗauko hoton ciki, don a tabbatar babu wani abin daban.

Bayan La'asar suka dawo da hoton. Likita ya yi bayani, na fassara, Alhaji ya girgiza kai. "Oga Dokta ya yi ƙoƙari, amma wannan ba aikin bature ba ne. A ba ni takardata."

A nan shaiɗancina ya motsa. Na tuna mutumin nan ya fi mu duka sanin hanji, ya buɗe na shanu fiye da yadda likita zai taɓa gani. Na ɗaga hoton a jikin taga, na bi layin hanjin da biro. Na ce, "Baba, mu bar maganarka. Ni jahila ce a harkarku, koya min. In ka feɗe saniya ka tarar da hanjinta a cike dam, kashin ya bushe ya yi dunƙule-dunƙule tun daga nan har nan, me za ka ce ya same ta?"

Bai ko yi tunani ba. Mahaucin cikinsa ya riga Alhajin magana. "Wannan ai saniyar tirela ce. An ɗauko ta daga Arewa, kwana uku a tsaye, direba bai tsaya ya ba ta ruwa ba. Mugun direba ke nan, mara tausayi."

Na ce, "Ba sammu aka yi mata ba?"

"Wane irin sammu? Ƙishirwa ce kawai da..."

Sai ya kalli hoton, ya kalle ni. Na ce a hankali, "Baba Alhaji, wa ke tuƙa wannan tirelar?"

Can ya ce, "Ke 'yar nan ba ki da kunya." Na amsa cewa haka ake faɗa. Daga baya na ƙara masa da abin da ya riga ya sani tun yana yaro, cewa malamai ba sa son mutum ya tsaya salla yana matse da buƙata, kuma sabunta alwala lada ne.

Muka kwantar da shi, aka ɗura masa ruwan magani ta ƙasa. Abin da ya biyo baya ba zan ba ku labarinsa ba, illa dai ya fito daga ban ɗaki yana hamdala da ƙarfi har masu jira suka amsa masa. Likita ya rubuta maganin da ke tausasa bayan gida na 'yan makonni, ya hana na kemis. Ni kuma na ɗora nawa: ruwa a kai a kai, miyar kuɓewa, zogale, gwanda, ewedu, wato lalo, in ya samu, kuma in buƙata ta zo a tafi a lokacin. Muka ce ya dawo bayan sati biyu, in bai daidaita ba ko ya ga jini za mu tura shi babban asibiti a leƙa hanjin da na'ura, saboda shekarunsa.

Juma'a ta zo ta wuce, ba a tara kowa ba. Ranar da suka dawo, Alhaji ya shigo da gorar ruwa a hannu, cikin ya sauka, yana ƙorafin cewa yanzu alwala biyar yake yi kamar kowa, sunansa ya zube a mayanka. Da ya shiga wurin likita, na tsaya da Malam Habu, na yi masa barka.

Ya ce, "Sista, na gode. Jiya ya ci tuwon gidana."

Na ce, "Da ba ya ci ne?"

"Wata biyu yana karɓa ya ce ya ƙoshi, in na juya ya ba masu dako. Na san abin da yake zato. An ma gaya min maganar Juma'a."

Na tambaye shi me ya sa bai daina kawowa ba.

Ya ce, "In na daina, ai na amsa laifin ke nan. Kuma mutum ba shi da lafiya, wa zai kawo shi asibiti?"

Na shiga ofis na rufe ƙofa, na share hawaye, ni da na yi sati biyu ina dariyar labarin nan. Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda ya zo koyon aiki a hannuna abu biyu. Kada ka rubuta maganin gudawa kafin ka taɓa ciki. Kuma mutanenmu ba za su faɗa maka abin da suke jin kunyarsa ba, don haka ka tambayi abin da suke alfahari da shi, sau da yawa ciwon yana can. Idan kuma ka rasa mai faɗa maka, leƙa waje ka ga wanda ke zaune a benci riƙe da takalma.