Notin da Tsatsa ta Ci

Shekarar da maigidana ya daina tuƙi, damina ta yi ƙarfi har ruwa ya zaizaye hanyar Gecheme. Motarsa tsohuwar bashe ce, irin mai buɗaɗɗen baya, da ita yake ɗibar 'yan kasuwa da buhunan hatsi tsakanin Dogon Dutsi da ƙauyukan Tibiri. Wata ranar kasuwa ya dawo da ita a karkace, kamar jakin da aka yi wa kaya gefe guda. Sifirin baya na hagu, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin motar, ya karye.

Shi ba ya kai motarsa gareji. A tsakar gida yake gyara, gindin dogon yaro. Da can ɗanmu ke miƙa masa kayan aiki, amma ya tafi karatu Yamai, sai aikin ya dawo kaina. Ya ɗaga motar da jak, ya tokare ta da kututturen gawo, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi. Ni kuma na ja kujera 'yar tsugunno na zauna ina tsince wake.

Notunan da ke riƙe da sifirin duk sun kwance ban da guda. Tsatsa da laka sun cinye shi har ya zama jiki ɗaya da ƙarfen. Ya zuba masa man birki, muka jira. Ya ƙwanƙwasa shi da guduma. Ya sa na ɗebo garwashi a murhu na yi ta fifitawa a gindinsa har ya yi zafi. Ko motsi.

Mutumin nan na san ƙarfinsa. Na sha ganin ya ciccibi buhun gero shi kaɗai ya wurga bayan mota. Amma ran nan sifana ta yi ta suɓuce masa tana faɗuwa cikin rairayi.

"Mai ne ya ɓata mini hannu," in ji shi. "Miƙo tsumma."

Na miƙa. Ya goge, ya sake kamawa, ta sake faɗuwa.

Da rana ta take na dama masa fura. Ya fito ya jingina da taya, ya karɓi ƙwaryar. Sai na ga ya ɗauki ludayi da hagu. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa ganin ya kai abu baki da hagu ba. Na tuna ran Lahadi a majami'a littafin waƙa ya faɗi daga hannunsa, ya yi dariya ya ce gyangyaɗi ne.

"Baban yara, mi ya samu hannunka?"

"Ba komi. Je ki aro mini bututun ƙarfen nan wurin maƙwabci."

Na aro. Ya zura shi a ƙotar sifanar don ta yi tsawo, ya daidaita bakinta a kan notin da hannun hagu. Ya danna, bututun ya zame ya buge shi a ƙirji. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ki taka. Ni zan riƙe."

Na ɗaure zanena, na dafa jikin motar, na hau bututun da ƙafa biyu. Da farko shiru. Na ɗan yi tsalle. Sai notin ya yi wata ƙara mai tsini, bututun ya sauka da ni har ƙasa. Don murna ban san sa'ad da na rangaɗa guɗa ba.

Da na leƙa ƙarƙashin motar, yana kwance rigingine, ya ɗaga hannun dama yana kallo. Yana so ya dunƙule shi, yatsun sun tsaya rabi.

"Tun shukar fari nake jin sa haka," ya ce. "Na ce bari mu ga kaka."

Na shiga ƙarƙashin motar na kwanta kusa da shi, tsatsa na zubo mana a fuska. Na kama hannun. Da ɗumi, da kanta a tafin kamar kullum, amma da na matse bai matse ni ba.

Aikin dai sai da muka gama shi. Ya ƙi yarda a kira kowa. Yana faɗa ina yi: sa nan, juya dama, ƙara, ya isa. Washegari maƙwabcinmu ya tuƙa mu a cikinta zuwa gidan likita. Aka tura mu gaba, can ma aka tura mu gaba. A ƙarshe wani likita ya ce ciwon jijiya ne, irin wanda ke bin gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba su da maganinsa. Haka kuwa aka yi. Hannun hagun ya bi, ƙafafu suka bi, daga baya harshe. Hankalinsa kaɗai ya rage garau, yana kallona ina ba shi koko da cokali. Bai ga kaka ta uku ba.

Ranar zaman makoki matan kasuwar Gecheme suka zo, kowace da 'yar ƙwaryar hatsinta. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta matso kusa da ni ta ce, "'Yar nan, daminar ƙarshe da ya ɗauke mu, kullum sai ya tsaya a hanya ya ce inji ya yi zafi. Mu sauka mu yi ta mita. Shi kuwa ya zagaya bayan wata sabara ya zauna shi kaɗai, yana murza hannu a cinya. Ni na gan shi. Na ɗauka addu'arku ce haka."

Na ce mata ban sani ba, wataƙila addu'ar ce. Ta yi mini gaisuwa, ta tashi ta ba na bayanta wuri.