Labulen Yaya Sale

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in yarda in rubuta wannan. Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Salihu, wanda mutanen Birnin Gwari suka sani da Sale Mai Bidiyo, kuma babu shekarar da ban yi niyyar tuna shi a jarida ba. Ni tela ne, karatuna bai wuce firamare ba, na fi sabawa da allura a kan alƙalami. Amma ba wannan ne babban abin da ya riƙe ni ba. Ba zan iya ba da labarinsa ba sai na ambaci wani fim na mutanen da ba addininmu ɗaya ba, ina kuma tsoron a ce na zo tallar bautar gumaka. Allah shi ne shaidata, ba haka ba ne. Bana dai wani dalili ya taso wanda ya fi ƙarfin tsorona.

Yaya Sale yana da gidan kallo a bayan kasuwa, rumfar kwano da bencina da ɗan janareto. A lokacin ba a fara fassara finafinan Indiya da Hausa ba, don haka shi ne mai fassara. Yakan tsaya gefen talabijin yana faɗin abin da ake ciki, alhali ko kalma ɗaya ta yarensu ba ya ji. In an tambaye shi sai ya ce shi yaren fuska ya karanta.

Wata rana ya dawo daga Kaduna da wani kaset da bai yi kama da waɗanda muka saba ba. Rubutun jikinsa ma daban ne, duk a lanƙwashe kamar an zubar da ƙugiyoyi. Mai sayarwa ya ce masa na kudancin Indiya ne, na masu yaren Tamil. Mutanen ciki baƙaƙe ne kamar mu. Labarin wata matalauciya ne mai ɗa ɗaya, wadda duk abin da ya same ta sai ta kai kuka wurin abar bautarsu, wadda suka ɗauka uwa ce gare su. Ɗan ya kamu da ƙyanda, ta kwantar da shi a kan ganyen dogon yaro. Aka yi mata ƙazafi aka kore ta daga gari, miyagu suka bi ta cikin daji. Duk inda suka tare ta sai wani abu ya shiga tsakani. Nan maciji ya fasa kai a kan hanya, can wata tsohuwa ta ɓullo ta ba ta ruwa ta ɓace.

Ranar da na fara ganinsa ko tuwo ban iya ci ba. Washegari na same shi yana gyaran janareto na ce, "Yaya, jama'a na kallon ana yi wa gunki sujada a rumfarka. Me za ka ce gobe kiyama?"

Wani da dariya zai yi mini, don kowa ya san ni da zulumi. Shi kuwa ya goge hannu, sannan ya ce, "To Tela, tunda kai ka hango ɓarakar, kai za ka ɗinke ta. Ɗinko mini labule."

Na ɗinka shi da ragowar shuɗiyar shadda, muka ɗaura shi da igiya a gaban talabijin. Daga ranar, da zarar an doshi wurin bautarsu sai ya ja labule, ya rage muryar talabijin, ya cusa kansa ta baya yana leƙe, yana ba jama'a labari da baki. Akwai wani mahauci da ba ya rasa magana, ya taɓa ɗaga murya ya ce, "Sale, mu ka kare mu, kai fa? Ko kai wuta ba ta cin ka?" Yaya ya amsa daga bayan labule, "Ai mai gadi shi ke shan cizon sauro. Ku dai ku sa ni a addu'a."

Ƙarshen fim ɗin gaba ɗaya a wurin bautar ake yin sa, saboda haka labule ba ya buɗewa har a tashi. Kullum abu ɗaya yake faɗi: ta isa gida da ɗanta a goye, ko ƙaya ba ta soke ta ba, waɗanda suka kore ta su suka fito tarbarta. Haka ya faɗa wa maza a rumfa, haka ya faɗa wa matan gidanmu ranar da ya kai musu talabijin tsakar gida. Duk garin nan shi kaɗai ya ga ƙarshen da idonsa.

Na taɓa tambayarsa me ya sa bai jefar da kaset ɗin ya huta ba. Ya ce, "Abin da take kira ba shi muke kira ba, wannan babu gardama. Amma dube ta da kyau. Duk wuyar da ta sha, ba ta taɓa cewa an manta da ita ba. Mu da muka san Allah ɗaya ne, ɗan ciwon kai sai mu fara ƙorafi." Na san da ni yake.

Ciwo ne ya ɗauke shi, kafin lamarin dajinmu ya kai inda ya kai. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kowane yaro da gidan kallonsa a aljihu, babu mai ja masa labule. Dajin da muke shiga neman ɗorawa da zuma ya zama wurin da ake ambata da ƙaramar murya. Da ana cewa tsoro na daji, kunya na gida. Yanzu tsoron ya biyo mu har gida.

Bayan rasuwarsa, matarsa Yaya Habi ta hau babur da rana tsaka za ta suna wajen Randagi, 'yan bindiga suka tare su a hanya. Ta daɗe a hannunsu. Ba zan shiga yadda aka yi ta fito ba. Sun sake ta can cikin daji da zazzaɓi a jikinta, ta yi ta tafiya ba ta san gabas ba, har ta hango itatuwan dogon yaro a wani kufai. Ta ce a nan ta san ta kusa mutane, don dogon yaro inda aka taɓa zama yake tsayawa. Da muka tambaye ta yadda ta jure, ta ce, "Allah nake kira, shi kaɗai. Amma muryar yayanka nake ji a kunnena yana cewa ta isa gida."

Tun daga nan ba ta ƙara samun cikakkiyar lafiya ba, bana kuma jikin ya yi nauyi. Kwanan baya na je gaishe ta, ta ce, "Tela, matar nan ta fim, da gaske ta isa gida, ko lallashinmu yayanka ya yi?" Na ce ta bar maganar, ai ita Yaya Habi ta iso gida. Ta harare ni ta ce, "Sarkin zulumi, yau ni ke tambaya kai ke cewa a bari? Ina so in sani kafin in je in same shi."

Kaset ɗin ya lalace tun tuni a ɗakin ajiya. Na je wurin masu tura finafinai a waya, suka ce in faɗi sunansa, ni kuwa ban taɓa sani ba. Na tambayi wani malami ko neman ƙarshen labarin laifi ne, ya ce tambaya ba bauta ba ce. Hankalina bai kwanta ba sai da na tambayi na biyu.

Yaya Sale bai bar wa kowa gadon gona ba, rumfar ma an rushe ta. Labulen ne kawai ya rage a akwatina, ya koɗe. Amma mutumin da ya tsaya tsakanin jama'a da abin da ƙaninsa ke tsoro, bai wulakanta tsoron ba, bai kuma zagi mutanen fim ɗin ba, sannan maganarsa ta raka matarsa cikin daji shekaru bayan an binne shi, ban ce ya tafi hannu wofi ba. Allah ya jiƙansa.

An ce matambayi ba ya ɓata. Duk wanda ya taɓa ganin wannan fim, mai matar da ke ɗaukar tulu da ganyen dogon yaro a ka, sanye da rawayen zane, don Allah ya aiko ta hannun editan wannan shafi. Ba kallo nake nema ba, ƙarshen kawai nake so. In ta isa gida, ku faɗa da wuri, don mai jiran ba ta da ƙarfi. In kuwa ba ta isa ba, ku faɗa mini ni kaɗai tukuna. Ban iya ƙarya ba, kuma ban san ko zan iya jan labule yadda yayana ya iya ba.