Abin da Kakana Ya Koyo a Bama

Kakana ya yi yaƙin Bama, can ƙetaren teku a zamanin Turawa, kuma a da duk wanda ya zauna da ni a Karaye sai ya sha wannan labari, ko yana so ko ba ya so. Na san shi ina ƙarami, dogon tsoho baƙi wanda ba ya dariya, kullum yana zaure ya jingina da bango. Bai taɓa ba ni labarin yaƙi ba. A bakin mutane na tsinci cewa dagaci aka ce wa ya kawo majiya ƙarfi, ya nuna shi, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa wani daji da ruwan sama ba ya ɗaukewa, inda suke sare hanya da adda, su kuma sare mutum da ita. Sauran duk ni na ƙara gishiri. A bakina, Japanawan da Kaka ya kashe sun fi gashin kaina yawa.

Wanda ya fi kowa shan labarin shi ne ɗana na fari. Tun bai iya ɗaura wando ba nake zaunar da shi ina ce masa jinin soja ne a jikinsa. Ya tashi ƙato, ya nemi aikin soja bai samu ba, ya dawo yana taya ni sayen gyaɗa a kasuwar Rogo. In na ga yana tafiya yana buɗa ƙirji, daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba.

Wata ranar kasuwa, bayan an cire gyaɗa, muna cikin awo da hantsi sai ihu ya tashi daga inda ake ajiye babura: ɓarawo! Kafin in ɗaure bakin buhu ɗana ya tsallake kaya ya yi can. Na bi shi. Na iske an yi wa wani siririn mutum zobe, yana ƙasa, riga a yage, yana ɗaga makulli yana rantsuwa cewa babur ɗin na maigidansa ne, aiko shi aka yi. Wani ya dirka masa dutse a baki, maganar ta koma jini da haƙora.

Sauran mutane dukan kasuwa suke yi, duk inda hannu ya faɗa. Ɗana kuwa ya fizge gora a hannun wani, ya gyara tsayuwa, ya zaɓi wuri. Na farko a gwiwa, na ji ƙashi ya ce ƙas kamar an karya busasshen kara. Na biyu a hannun da mutumin ya kare kansa da shi, hannun ya lanƙwashe ta inda babu gaɓa. Ina kutsawa ina ihu, "Kai! Kai, bari!" To wane ne ba "kai" ba a wannan taro? Ɗan fari ne, tun da aka raɗa masa suna ban taɓa kiransa da bakina ba, haka muka tashi muka ga iyayenmu suna yi. Wallahi sunan ya zo mini har maƙogwaro ya tsaya. Na uku ya sauka a ƙeya. Mutumin ya miƙe ƙafafu, jini yana fita ta kunnensa, ya daina kare kansa.

Sai ga mai babur ɗin a guje daga wajen mahauta, yana salati yana cewa shi ya aike shi. Nan take taron ya watse. Aka ɗauki mutumin zuwa asibiti. Da 'yan sanda suka zo, duk kasuwar nan babu wanda ya ga komai, har da ni.

A gida ɗana ya wanke ƙafa, ya zauna ya cinye tuwonsa tas. Da na fara faɗa sai ya ɗago ya ce, "Baba, ai ko Kaka ne haka zai yi." Na ɗaga hannu zan wanka masa mari, na sauke. Maganata ce ya maido mini.

Washegari na goya shi a babur zuwa wani ƙauye kusa da Gwangwan, wajen Gwaggo, yayar marigayi mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage a 'ya'yan Kaka. Ba don ta yi masa nasiha na kai shi ba, ɓoye shi na je yi, don in mutumin nan ya mutu ɗana ya zama mai kisan kai. Bayan mun gaisa, ta tambayi gida da yara da amfanin gona, na faɗa mata abin da ya faru sama-sama. Na kuma yi wautar ƙarawa da cewa zafin zuciyar gado ne, jinin soja.

"Rufe mini baki," in ji Gwaggo. "Kai da furfura ka san shi. Ni da adda na san shi."

Ta sa ɗana ya matso kusa da tabarmarta. Ta ce, "Ina da wa, mu biyu aka haifa kafin a tafi da Baba. A nan garin muke a lokacin. Damina ta biyu da dawowarsa, dawa ta yi tsawo ta rufe mutum, yana cikin gona yana sarar ƙaya a bakin iyaka. Inna ta aike mu da fura, yayana a gaba da ƙwarya, ni a baya da ludayi. Ya ce mu lallaɓa mu ba shi tsoro, wasan yara. Kara ya yi motsi a bayan Baba. Hannunsa ya riga idonsa juyowa."

Ta shafa gefen wuyanta har zuwa kafaɗa. "Nan addar ta shiga, a wuyan yayana. Ko kuka bai yi ba. Jinin har fuskata, da ɗumi, sauran ya gauraya da fura a ƙasa. Baba ya durƙusa yana cusa hularsa a wurin, hular ta jiƙe, ya cire riga ya cusa, yana magana da wani yare da ban taɓa ji ba. Daga baya ya gaya wa Inna cewa haka aka koya musu a can, in abu ya motsa a bayanka ka sara tukuna sannan ka duba."

Na ce, "Gwaggo, ban taɓa jin kuna da wa ba."

"A ina za ka ji? Aka ce wa dagaci faɗawa ya yi a kan adda. Shi da ya tura Baba yaƙin bai tsananta bincike ba. Dama ɗan fari ne, ba sa kiran sunansa, sai aka daina gaba ɗaya. Muka tashi muka koma Karaye. Ubanka har ya rasu bai san an yi shi ba." Ta juya ga ɗana. "Shi bai gani ba ya sara. Kai fa, ɗan nan, kana kallon naka?"

Ɗana ya ce, "Ina kallonsa." Tuwon da aka kawo masa ma bai taɓa ba.

Kwana uku muna can. Rana ta huɗu da safe wani abokin cinikina ya bugo waya ya ce mutumin ya cika, za a yi jana'iza bayan azahar a ƙauyensu, wajen Rogo Sabon Gari. Ɗana ya ji. Ya sa takalmi ya ce zai je. Na zage shi, na ce haukacewa ya yi, in wani ya gane shi nan za a farfasa masa kai. Ya kama hanya da ƙafa. Dole na tada babur na bi shi.

Ba wanda ya gane shi, ko kuwa waɗanda suka gane suna tsoron a tambaye su inda su ma suke ranar. Ya shiga sahu aka yi salla. Da aka ɗauki makara ya sa kafaɗa, ana karɓa-karɓa shi ya ƙi saki har bakin kabari. Likkafanin ya ɓaci ta wajen kai, kuma ta nan yake riƙe.

Bayan an rufe, mahaifin mamacin, wani tsoho, yana bin baƙi yana godiya. Ya zo kan ɗana ya tambaye shi daga ina. Ɗana ya ce daga Karaye. Tsohon ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce, "Tun daga Karaye, ba ka ma san shi ba? Na ga yadda ka ɗauke shi. Allah ya yi maka albarka, ya saka wa wanda ya haife ka da alheri."

Ɗana ya buɗe baki zai yi magana. Na danƙi gwiwar hannunsa na matse da ƙarfi, na ce wa tsohon amin.