Rufus da Kan Sarkin da Aka Yanke wa Haƙora

Da hantsin ranar Talata, 14 ga Satumba 1993, aka aiko mini cewa abokina kuma maƙwabcina Rufus, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a Kafanchan, ya rasu bayan gajeriyar jinya. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na yi kuka, ban kuma ji kunyar yin sa ba.

Rufus, kai ka koya mini tara kan sarki. Duk ambulan da ta shigo unguwarmu sai ka bi ta har gidan mai ita, ka jiƙa ta a ruwa, ka ɓare kan sarkin da hantsaki kamar mai cire ƙaya. Ina yi maka tsiya cewa ka tsufa kana wasan yara, kai kuma ka ce gara ni da na tsufa ba ni da wasa ko ɗaya. Ka nuna mini cewa darajar tsohon kan sarki a haƙoransa take, wato 'yan tsinkayen nan na gefe. In ɗaya ya karye daraja ta ragu, in aka yanke su kuwa ya zama takarda kawai.

Waɗanda ka fi ji da su na zamanin Turawa ne, kuma da kuɗinsu ka yi niyyar kai 'yarka Joanna makarantar koyon jinya. Sai ka je Manchok biki. Matarka Magdalene, tela ce da ba ta iya ganin zare na lilo ta ƙyale, ta buɗe kundin da kake ajiye su, ta ga gefensu duk tsinkaye, ta sa almakashi ta yanke haƙoran na shafukan da ka fi so. Ina zaune a gidanku ka dawo, ta tare ka da murna.

"Baban Joanna, na gyara maka su. Duka ya yi kyau yanzu, mai saye zai so shi."

Ka karɓi kundin. Ka daɗe kana kallon shafin, sannan ka ce lallai yankan ya miƙe, ka tambaye ta ko akwai tuwo. Sai da gari ya waye ka faɗa mata gaskiya, a hankali, ba a gaban kowa ba.

Dillalin da ya zo daga Jos ya duba su ɗaya bayan ɗaya da gilashinsa, ya ware masu haƙora, ya ture sauran. Abin da ya biya bai isa kuɗin makaranta ba. Sai ya rage murya ya ce mai hannun da ya yi wannan yanka za ta iya fitar da sababbin haƙora, ba kowane mai saye ne zai gane ba. Ni kaina, don tausayin Joanna, na yi fatan ka yarda.

"Matata kuskure ta yi," ka ce. "Ba zan mayar da shi ƙarya ba."

A daminar da ta biyo baya ka karɓi aron gona a Kachia, kai da furfurarka, ka shuka citta. Magdalene ta riƙa ɗinki har idonta ya fara ciwo. Joanna ta rasa shiga a shekarar, ta shiga a ta gaba. Bana ta gama. A jinyarka ita ce ta riƙa yi maka allura, kana ce wa masu dubiya ba ka taɓa jin allura mai daɗi irin tata ba.

Allah Mai rahama ya ji ƙanka, Rufus, ya ba ka hutawa, ya yafe kurakuranka yadda ka yafe na wasu. Ina miƙa ta'aziyya ga Magdalene da Joanna, da dangi na Manchok, da 'yan ikilisiyarku. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa albarka a hannun Joanna ga duk majinyacin da za ta taɓa.

Dalhatu Salihu, Kafanchan