Shanun Goggo da Taron Safana

Bayan an raba gadon mijinta, mafi daraja cikin abin da ya rage wa ƙanwar mahaifina da 'ya'yanta shi ne shanun huɗa guda biyu. Goggo muke kiranta, a Wagini take zaune. Da shanun nan babban ɗanta yake huɗe gonarsu, idan ya gama ya huɗe wa maƙwabta a biya shi. A shekarun da nake magana a kai, mallakar sa a yankinmu ta zama abin fargaba, domin ɓarayin daji sun kore na mutane da yawa, kuma kowa ya san wanda nasa suka rage. Goggo ta rame a kan shanun nan fiye da yadda ta rame a takaba.

A wannan lokacin ne wani kamfani ya buɗe shago kusa da tasha a Batsari. Wakilinsa ɗan garinmu ne, mun san shi yana sayar da katin waya a ƙarƙashin laima, sai ga shi cikin shadda mai sitati yana magana a kan zuba jari. Ya ce mutum ya kawo kuɗinsa a juya masa a kasuwannin duniya, riba ta riƙa shigo masa a waya duk wata. Da za a tambaye shi inda kasuwannin suke, ba na jin zai iya nuna ko gabas ne ko yamma. Amma yana da magana ɗaya da ta fi dukkan bayaninsa tasiri: ɓarawo yana kora saniya, ba ya kora abin da ke cikin waya.

Mahaifina malamin Islamiyya ne, kuma a garinmu ba a buɗe kome sai an kira malami ya yi addu'a, ko kantin magani ne ko injin niƙa. Ranar buɗe shagon an kira shi, ya je ya roƙa wa jama'a alheri, ya dawo gida bai ƙara tunawa da zancen ba. Mutane kuwa suka riƙe cewa Malam ya sa wa abin albarka.

Wata ranar kasuwa, bayan an gama girbi, Goggo ta zo gidanmu. Ta durƙusa a ƙofar ɗakin mahaifina, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyali da ɗalibai, ya tambayi yara da yadda gero ya yi. Sannan ta ce, "Yaya, so nake in sayar da shanun nan in kai kuɗin wurin mutanen da ka yi wa addu'a, ko na samu in riƙa barci."

Ya ce, "Addu'a na yi musu, ban yi musu shaida ba."

Ta ce, "To ai kai ba ka addu'a a wurin banza."

Ya dube ni, domin ni ne na gama jami'a, ina zaune gida ina jiran aiki. Na gaya masa iyakar abin da na sani: akwai hukumar gwamnati da aka kafa musamman don ta sa ido a kan irin waɗannan kamfanoni, ita take ba su lasisi, ita kaɗai za ta iya cewa wannan na gaskiya ne ko ba na gaskiya ba. Goggo ta ce, "Ɗan boko, ita hukumar a wace unguwa take?" 

Ba a jima ba aka aiko wa mahaifina cewa ita wannan hukuma za ta zo Safana ta yi taron wayar da kan jama'ar Batsari da Safana, ana roƙonsa ya buɗe taron da addu'a, ya kuma rufe shi. Ya yi murna ƙwarai. Ya aika wa Goggo cewa kada ta kai sa ko ɗaya kasuwa, ta zo Safana ta ji daga bakin masu abin. Ta amsa da cewa za ta jira.

Ranar taron na ɗauki mahaifina a babur muka yi sammako, Goggo kuma ta biyo a-kori-kura tare da wasu matan Wagini masu niyya irin tata. An ce da hantsi za a fara. Muka zauna a ɗakin taron har rana ta take, sannan baƙin suka iso da motocin rakiya. Tun kafin su zauna wani jami'i ya raɗa wa mai gabatarwa cewa lalle su kama hanya kafin la'asar, saboda halin da hanyar take ciki. Wato mutanen da suka zo wayar mana da kai sun shigo ne suna lissafin fita. Kujerun gaba ma'aikatan ƙaramar hukuma ne a kansu, waɗanda aka taso daga ofisoshi don kada a ga wurin wayam. Manoma da mata, waɗanda shanunsu da awakinsu ake magana a kai, suna can baya, wasu a tsaye a bakin taga.

Aka kira manyan baƙi zuwa babban tebur, ɗaya bayan ɗaya, kowa da jerin laƙabinsa. Aka kira mahaifina. Sai na ji an kira "wakilin masu zuba jari na wannan yanki", na ga mai shagon tasha ya miƙe yana gyara hula, ya je ya zauna tsakanin daraktan hukumar da mahaifina. Daga baya na ji yadda aka yi. Hukumar ta ce wa masu shirya taron su samo masu ruwa da tsaki a harkar, su kuwa suka duba garin ba su ga mai allon sanarwa da kalmar jari a jiki ba sai shi. Ƙari a kan haka, shi ya kawo lemo da ruwan roba. Babu wanda ya tambaye shi lasisi a ƙofa, har da waɗanda bayar da lasisin ne abincinsu.

Mahaifina ya buɗe taro da addu'a. Abin da ya biyo baya na sha ganin irinsa, amma ban taɓa ganin wanda ya kai shi wofi ba. Kowane mai jawabi sai ya fara gaida dukkan waɗanda ke kan tebur da sunayensu da muƙamansu, ya gode wa wanda ya riga shi magana, ya ce ba zai tsawaita ba, sannan ya tsawaita. Da aka zo kan daraktan, sai ya karanta takardarsa da Turanci, wani ƙaramin jami'i yana mayarwa da wata irin Hausa wadda ni da na karanta harshen a jami'a sai na koma ga Turancin kafin in gane abin da yake nufi. An haska majigi a bango, hasken rana ya cinye rubutun. Aka yi bayani a kan hannun jari da takardun lamunin gwamnati ga mutanen da tambayarsu ɗaya ce tak. Cikin duk jawabin, jimla ɗaya ce ta shafe mu: kada kowa ya ba wa kamfani kuɗinsa sai ya tabbatar yana da lasisin hukumar. Da aka faɗi haka, wakilin kamfanin ne ya fara tafi, ya kuma fi kowa daɗewa yana yi.

Da lokacin tambayoyi ya zo, mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure, za a karɓi kaɗan. Ya miƙa makirfo ga wani ma'aikaci a sahun gaba, wanda ya yaba wa hukumar bisa wannan namijin ƙoƙari. Wani kuma ya roƙi a buɗe ofis a yankin a ɗauki matasa aiki. Hannayen da aka ɗaga daga baya, mai gabatarwa bai ko dubi wajensu ba. Ya ce, "Sai mu roƙi Malam ya rufe mana da addu'a."

A wurinmu ba a tashi daga taro sai an shafa fatiha. Ko mutum yana sauri kamar me, ba zai miƙe ba alhali malami yana tsaye da makirfo. Mahaifina ya miƙe, jama'a suka ɗaga hannuwa, direbobi a waje suka tayar da motoci. Shi kuwa bai ɗaga nasa ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin addu'a ina da tambaya. Ka ce kada a ba kamfani kuɗi sai mai lasisinku. Ga wannan bawan Allah a kusa da kai, yana karɓar kuɗin mutane a Batsari. Kamfaninsa yana da lasisinku ko ba shi da shi?"

Hannuwan jama'a suka tsaya a rabin hanya. Daraktan ya karkata ga ƙaramin jami'in, suka yi ƙus-ƙus, sannan jami'in ya ce, "Allah gafarta Malam, a ƙa'idarmu ba ma ambaton sunan kamfani a bainar jama'a. Duk mai son sani ya duba shafinmu na intanet, ko ya rubuto wa ofishinmu."

Mahaifina ya ce, "Matan da ke bayan can, a garinsu sai an hau tudu ake samun layin waya. Ba suna na ce ku ambata ba. Ga mutumin nan a zaune, ga ku a zaune. E ko a'a."

Wakilin kamfanin ya yi dariya, ya dafa hannun kujerar daraktan, ya ce, "Haba Malam, ai ka ga inda nake zaune."

Wasu a sahun gaba suka taya shi dariya. Daraktan bai janye kujerarsa ba, agogonsa kawai ya duba. Jami'in ya ƙara da cewa sun ji ƙorafin Malam, za su kai shi gaba. Mahaifina ya yi addu'a mafi gajarta da na taɓa ji daga bakinsa, aka shafa. Kafin ya sauka aka tare shi don hoton tarihi, aka tsayar da shi a gefen wakilin, wakilin yana riƙe da hannun daraktan.

Mun sami Goggo a gindin dalbejiya a waje, tana riƙe da lemon da aka raba, ba ta buɗe ba. Mahaifina ya ce, "Kin ji dai ba su amsa ba."

Ta ce, "Yaya, ni ban ji Turancinsu ba, amma na gani da idona. Da macuci ne, gwamnati za ta zaunar da shi a jikinta ta sha ruwansa?"

Ya ce, "Ni ma a can aka zaunar da ni, kuma ban san kome a kansa ba. Ki bar shanunki."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Yaya."

Abin da ta yi bayan haka ya fi duk abin da muka zata muni. Ba ta iya ƙetare maganar yayanta gaba ɗaya ba, ba ta kuma iya ƙaryata abin da ta gani a kan tebur ba, sai ta sayar da sa ɗaya ta bar ɗaya. Ɗanta ya roƙe ta, ya ce ko ta sayar da duka ko ta bar duka, domin garma ba ta tafiya da sa guda. Ta ce masa ta bi gwamnati da ɗaya, ta bi Yaya da ɗaya, babu wanda zai ce ta raina shi.

Riba ta shigo mata a waya na ɗan lokaci, ta aiko wa mahaifina da goro, ya mayar. Kafin ruwan farko ya sauka, shagon tasha ya kasance a garƙame, wakilin ya bar gari. Bayan haka ne hukumar ta sa sanarwa a rediyo tana jan kunnen jama'a game da kamfanin, ta ce bai taɓa samun lasisinta ba, kuma ta yi mamakin yadda mutane suke ba da dukiyarsu ba tare da bincike ba.

Da damina ta kama na je Wagini. Karkiya tana jingine a jikin rumbu, sa ɗayan da ya rage yana ɗaure yana cin harawa, ya yi ƙiba saboda rashin aiki. Ɗan Goggo yana jiran wani maƙwabci ya gama huɗar gonarsa ya ara masa sa guda su haɗa, kuma kafin layi ya zo kansa gero a gonakin mutane ya kai gwiwa. Goggo ba ta ambaci taron ba, ni ma ban ambata ba. Har yanzu takan farka ta leƙa turke, domin sa ɗayan da ya rage ma abin sata ne.

Mahaifina ya daina zuwa buɗe shaguna da taruka. Idan an aiko, yakan ce a zo masallaci a yi addu'ar a can. Hoton Safana kuwa na gan shi a shafin hukumar, wanda suka ce mu duba, da rubutu a ƙasa cewa an kammala taron cikin gagarumar nasara. Ba su ko yanke wakilin daga ciki ba.